Baba Nu'uman, Ni Ce Na Buɗe Littafin

Ina neman gafarar manya kafin in fara. Na san ba irina ake jira su yi rubutu a kan mamaci ba. Ɗaliba ce ni, bana na shiga aji shida a sakandare, kuma ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin muryata ta fito. Marigayin yana da 'ya'ya, yana da abokan aiki, yana da abokan sahu a masallaci, kowannensu ya fi ni cancanta. Amma akwai wata magana da ke yawo a kansa, kuma ni na fi kowa sanin inda ta faro, domin daga bakina ta fara fita.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 20 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Nu'uman Dattijo, maƙwabcinmu a Sabon Gari, Wudil, bayan jinyar kwana tara. Yana da shekara sittin da takwas. An sallace shi bayan la'asar. Da hantsin ranar ina wanke-wanke a tsakar gida Umma ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kekunan da ke jingine a bango. Daga kallon nan na gane.

Baba, yau kwana arba'in ke nan. Bari in faɗa maka abin da na kasa faɗa maka kana raye.

Ka dawo unguwarmu shekara uku da rabi da suka wuce, bayan ka yi ritaya daga ofishin ban-ruwa. Ranar da motar kayanka ta iso, aka sauke kekuna biyar, manya da ƙanana. Wasu suka ce haya za ka buɗe, wasu suka ce faci. Aka jira, ba ka buɗe komai ba. Sai dai kowace Asabar, da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, ka fito da keke ɗaya ka hau, babu komai a kan kariya.

Wanda bai san garinmu ba zai ce mene ne a ciki. Keke ba baƙo ba ne a Wudil. Da shi ake ɗauko jarkoki, da shi ake kai buhu injin niƙa, da shi ake kai akuya kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a. Amma kowane keke yana da inda za shi, yana da abin da ya ɗauko. Naka ne kaɗai ke fita fanko ya dawo fanko. Abbanmu ya ba mu labarin yadda mai shayin bakin layi ya tare ka.

"Malam, ina zuwa da sassafen nan?"

"Babu ko'ina."

"To me aka manta a babu ko'inan, kullum ake komawa?"

Ka yi dariya ka wuce. Su ma sun yi dariya, amma da ka sha kwana sai dariyar ta tsaya. Da aka ga matarka, Inna Fatsuma, ta biyo bayanka a kan nata keken, da furfurarta da komai, sai aka ce lallai akwai wata a ƙasa. Sannan manoman Ɗankaza da Dagumawa suka fara kawo labari: kana tsayawa a bakin gonaki, kana tambayar gonar wa ce wannan, kana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. A lokacin kuwa masu sayen filaye sun fara zagayen ƙauyukanmu da motoci, kuma kowa ya san aikin da ka yi ya koya maka awo. Tsoron mutane ba na banza ba ne. Wanda aka raba da gonarsa an gama da shi.

Har zuwa nan zato ne kawai. Ni na mayar da shi magana.

Ina aji uku lokacin. Wata ranar Lahadi Umma ta aike ni gidanku da kwanon dambu. Na yi sallama, Inna Fatsuma ta amsa daga madafi ta ce in ajiye a kan tabarma. Littafin yana kan tabarmar. Ba ka nan. Har yau ban san abin da ya kai hannuna ba, ni da ko idon baƙo ba na iya kalla. Na buɗe. Na ga zanen layuka masu lanƙwasa, na ga sunayen mutane a gefensu, wasu sunayen an zagaye su da jan biro. A shafin da aka rubuta Ɗankaza na ga "gonar magada Alhaji Tasi'u", wato kakana. Jan biron ya zagaye ta sau biyu.

Na rufe littafin na koma gida. Na raɗa wa Umma, ban lura Gwaggo Indo, ƙanwar Abba, tana bayan labule tana yi wa ƙanwata Yusra kitso ba. Gwaggo, ki yafe mini da na ambace ki. Ke ji kika yi, ni na faɗa. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Baffa Halliru, yayan Abba. Kafin Juma'a ta isa kara. Ni cewa na yi na ga jan biro. Da maganar ta zagayo ta dawo gidanmu, cewa ake an riga an sayar da gonaki goma sha biyu, saura a kafa duwatsun iyaka.

Aka kira ka zauren mai unguwa. Abba yana wurin. Ya ce ka zo da littafin da kanka, ka buɗe shi a gaban kowa, ka ce hanyoyin keke ne kake zanawa, waɗanda iyali za su iya bi da yara ba tare da sun hau babban titi ba. Baffa Halliru ya ce, "Wane mai awon ne zai ce maka awo yake yi?" Zauren ya ɗauki guna-guni. Abba ya ce ba ka ɗaga murya ba, kuma ba ka tambayi wanda ya leƙa maka littafi ba. Ka rufe shi ka ce, "Duk mai shakka ya zo ranar Asabar ya biyo ni. Ya zo da iyalinsa ma. Akwai keken aro."

Babu wanda ya yi niyyar zuwa sai Abba, shi ma ba don ya yarda da kai ba. Na ji shi yana ce wa Umma, "Zan bi shi in ga ƙarshen abin. Amma in na je ni kaɗai zai gane sa masa ido nake. Ku shirya, har yaran." Umma ta ce, "Wato likita ya shekara yana cewa ka motsa jiki saboda sugan nan ba ka ji ba, sai da aikin leƙen asiri ya samu." Haka gidanmu ya fara hawan keke, Baba. Mun zo ne mu kama ka.

Ban taɓa hawa keke ba kafin ranar. Ka dube ni, ka dubi kekunan, ka zaɓi wanda in na zauna tafin ƙafata zai taɓa ƙasa. Ka ɗauko sifana ka kwance fedojin biyu ka sa a aljihu. Na ɗauka wulaƙanci ne, na ce a raina ya san ni ce. Ka ce in tura da ƙafa kawai, in ɗaga su in na ji keken ya tafi. Asabar biyu ina haka a filin bayan firamare, yara na yi mini dariya. A ta uku ka mayar da fedojin, ka riƙe bayan sirdi kana cewa, "Kalli inda za ki, 'yata, bar kallon taya." Ban san lokacin da ka saki ba. Sai da na ji muryarka daga nesa na gane, na faɗi nan take a kan tsidau. Kai ka cire mini ƙayoyin daga tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina kallon fuskarka ina neman alamar fushi. Ban gani ba, kuma rashin ganin ya fi ba ni tsoro.

Inna Fatsuma ce ta koya mana yadda ake sa wando a ƙarƙashin zane, a tattare gefen hijabi a ɗaure a ƙugu don kada sarƙa ta kama shi. Umma ta ƙi koyo a fili. Sati huɗu ta yi tana zagaye bishiyar darbejiyar tsakar gidanku, ƙofa a rufe, Inna Fatsuma na riƙe da ita, kai kuma kana zaune a waje kamar mai gadi.

Kana da dokoki, ba ka sassauta ko ɗaya. Kafin a fita kowa ya matsa birki, ya latsa taya, ya duba sarƙa. Kowa da gorar ruwansa. Ba a fita ranar Juma'a, saboda motocin shanu. Ba a tsallaka babban titi a kan keke, sai a sauka a tura. Mafi ƙanƙanta shi ke gaba, ba a wuce shi. Abba, wanda ko a tafiyar ƙasa ba ya jiran kowa, sai ga shi a bayan Yusra 'yar shekara bakwai, yana taka feda a hankali yana cizon leɓe.

Wata rana a ƙarƙashin tsamiya ka ba mu labarin wani birni da aka tura ka kwas a ƙasar waje kana saurayi. Ka ce a can keke yana da nasa titin daban, uba a gaba, uwa a baya, yara a tsakiya, suna tafe suna hira. Abba ya ce, "Ai can ne." Ka ce, "Malam Bilya, su gina nasu suka yi. Mu kakanninmu sun riga sun taka mana namu a tsakanin gonaki, ga ƙasa a shimfiɗe, babu tudu. Abin da muka rasa kawai shi ne mu fita ba tare da an aike mu ba." Na ji daɗin maganar. Sai kuma na ce a raina, haka masu wayo suke iya magana.

Duk alherin da ka yi mana, sai na juya shi in duba ƙarƙashinsa. Ka ba ni aron keke in ajiye a gida, na ce so yake ya rufe mini baki. Ka ɗaura wa na Yusra ƙararrawa, na ce yana sayen Abba ne. A haka aka kai damina.

Ranar da ka ce mun isa doguwar tafiya, Ɗankaza ka zaɓa. Gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta fara rufe kunya. Muna tafe a jere, sai ka kaɗa ƙararrawa ka ce, "A sauka." Muka sauka muka tura, domin hanyar ta matse, shukar wani ta kwanto a kanta. Muka hau. Can gaba ka sake kaɗawa. Ka faɗi sunan mai gonar, na ji na san sunan, ban tuna daga ina ba. A karo na uku na tuna. Sunayen nan na taɓa karanta su, a zagaye da jan biro. Da muka iso gonar kakana ka saukar da mu sau biyu, a kusurwar gabas da kuma wajen rijiya, domin Baffa Halliru yana shuka har bakin hanya. Sau biyu, kamar yadda biron ya zagaye ta.

Yusra ta ce, "Baba, ai babu kowa a gonar." Ka ce, "Shi ya sa. Da mai ita yana nan da shi zai ce mu yi a hankali. Tunda ba ya nan sai mu faɗa wa kanmu."

Muka dawo gida. Da yamma Abba ya je majalisarsu ya faɗi abin da ya gani. Aka ce masa, "Kai ai an saye ka da keke." Shaidarsa ta faɗi a nan. Wadda ta rage ita ce tawa, ni da na fara cewa na gani, in fito in ce abin da na gani ba haka yake ba. Ban fito ba. Na ce sai Asabar mai zuwa zan fara faɗa maka tukuna. Asabar ta zo, na gaishe ka, ka amsa, na sunkuyar da kai. Shekara biyu ina haka. Mutane suna yaba mini kunya. Ni na san abin da nake ɓoyewa a cikinta.

A cikin shekara biyun nan gidaje bakwai suka shigo, kai ma ka ƙaro kekunan aro. Sugan Abba ya sauka. Na ji dariyar Umma a fili, a kan hanya, abin da ban taɓa ji ba. Ka yi wa kowannenmu faci ba adadi, ka koya mini cire tub ɗin taya da cokali biyu in babu ƙarfe. Duk manomin da muka wuce kana gaishe shi da sunansa, ka tambayi iyalinsa da ruwan bana. Wasu suna amsawa da sakin fuska. Wasu suna amsawa suna bin aljihunka da kallo, inda littafin yake. Maganar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi.

Ranar sadakar uku maganar ta tashi. Ina raba ruwa a cikin gida wajen mata, na ji ana raɗa cewa an wayi gari da duwatsun siminti a wata gona a Dagumawa. Wata ta ce, "Aikin mai keke ya fara nuna." Ta faɗi haka da kofin gidanka a hannunta. A waje kuma maza suna cewa mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na tsaya ina duban bakunan, ina tambayar kaina wanne ne na gaskiya. Kafin sadakar bakwai gidaje uku sun dawo da kekunan aro, an jingina su a zaure ba tare da sallama ba.

Sannan wani babba, wanda ba zan rubuta sunansa ba, ya aika wa Inna Fatsuma cewa ta ba da littafin a ƙone, wai don a rufa wa mamaci asiri. Na daɗe ina juya wannan saƙo. In littafin yana ɗauke da laifi, me ya sa mai zargi zai so ya ƙone? In ba ya ɗauke da shi, asirin wa ake rufawa? Akwai wanda zuciyata ke nuna mini a kan duwatsun Dagumawa. Na ga wani abu da idona, kuma yana kama da hujja. Amma jan biron ma da idona na gan shi, shi ma ya yi kama da hujja. Saboda haka wannan zargin zai zauna a cikina, ba zai fita ba.

Inna Fatsuma ba ta ba da littafin ba. Tana cikin takaba, sai ta aika a kira ni. Na shiga na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta zaro shi daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Ungo. Ya ce ke za a ba." Na ce, "Inna, ni?" Ta ce, "To wa ya fara karanta shi in ba ke ba?"

Na karɓa da hannu biyu.

Na duba shafin Dagumawa da kyau, ga abin da ke ciki ga duk mai son sani. Gonar da aka kafa wa duwatsu ba ta cikin littafin, babu sunan mai ita, babu ja, babu baƙi. Layin ya tsaya tun kafin a kai wajen, kuma a ƙarshensa an rubuta: "Yashi. Yara ba za su iya ba. A juya." Babu awon faɗi ko tsawon gonar kowa a duk littafin. Akwai inda inuwa take, inda rijiya take, inda kare ke biyo mutum, inda tsidau ya yi yawa, da inda ake sauka.

Sai na buɗe shafin Ɗankaza. A gefen sunan kakana akwai tabon mai, shatin babban yatsa, ya yi duhu saboda daɗewa. Man dambun Umma ne. Ban san na bar shi ba. Ka zagaye shi, ba da ja ba, da shuɗi, ka sa kwanan watan Lahadin nan, ka rubuta a ƙasa: "Yatsan Radiyya. Yarinyar tana son sanin abu. A koya mata keke ta je ta gani."

Ashe ka sani tun kafin a kira ka zauren mai unguwa. Ashe da ka ce a zo da iyali, akwai keken aro, ni kake nufi. Shekara uku ina neman ranar da za ka tona ni, kai kuwa kana ɗaga mini sirdi kaɗan-kaɗan ina girma.

Ina shaida wa mutanen Sabon Gari, da na Ɗankaza, da na Dagumawa: ni, Radiyya Bilya, ni na buɗe littafin Malam Nu'uman ba da izininsa ba, ni na faɗi abin da ban fahimta ba, kuma na gane kuskurena tun shekara biyu na yi shiru. Jan biron nan ba alamar sayarwa ba ce. Wurin da ake sauka ne don kada taya ta taka shukarku. Wanda ya ɗauki maganar daga bakina, ina roƙonsa ya ajiye ta. Mai ita ba ya nan balle ya kare kansa.

Asabar da ta wuce mun fita, mu huɗu kawai, Yusra a gaba. Wake ya kwanto a kan hanyar Ɗankaza. Da muka iso kusurwar gabas kowa ya rage gudu yana jiran ƙararrawarka. Ni na kaɗa. Na ce a sauka, kuma an sauka.

Ya Allah, ka jiƙan Baba Nu'uman, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri, ka rufa masa ranar da babu mai rufawa sai kai. Yadda ya kiyaye shukar mutane a bayan idonsu, ka kiyaye masa bayansa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ni kuma ka yafe mini, tunda na makara wajen neman tasa yafiyar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fatsuma, da 'ya'yansa Yaya Jamil, da Anti Sharifa, da Anti Rabi, da jikokinsa, da dukkan dangi. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku dangana. Ina jin nauyin haɗa ido da ku, amma zan zo.

Saura roƙo ɗaya. Hanyoyi goma sha ɗaya ne a littafin. Ina so in kwafe su a rubuce, kowace da sunayenta da wuraren saukarta, yadda duk mai shakka zai riƙe takardar a hannu ya bi ya gani da kansa, ba sai an faɗa masa ba. Amma na taɓa buɗe littafin nan sau ɗaya ban tambaya ba, ba zan ƙara ba. In an ce a'a zan yi shiru, wannan na iya shi. Inna Fatsuma, a ba ni izini in rubuta?